Turanci a Bayan Riga

Maƙwabciyata tela ta taɓa tura matata ofis da Turanci rubuce a bayan rigarta. Ita telar shirin jarrabawar shiga makarantar zanen tufafi take yi, kuma kalmomin Turancin nan masu tafiya bibbiyu ne ke kayar da ita, waɗanda in sun haɗu ma'anarsu ke sauyawa. Ba ta da lokacin littafi, sai ta riƙa rubuta su da alli a kan yadi, tana taka keke tana hadda. Ranar ta manta ba ta goge ba.

Na leƙa shagon na ce, "Farfesa, yau bayan wa za mu karanta?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kawo naka, Yaya. Da faɗin nan, darasin sati zai ɗauka."