Mai Wasiƙa da Gidajensa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fara aiki ne a gidan burodi, yana jera gwangwanaye a tanda. Daga nan ya koma gidan mai yana ba da fetur, sannan gidan waya ya ɗauke shi, aka ba shi keke da jaka. A nan ya daɗe, har mutane suka manta sunansa, sai dai Mai Wasiƙa.

Yana gidan mai ya je neman auren matarsa, wadda muke kira Inna. Mahaifinta ya tambayi abokin da ya raka shi ko yaron yana da gida. Abokin nan, da bakinsa ba ya hutawa, ya ce ai kullum yana gidan mai, shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Tsohon ya gyara zama, ya sa aka ƙaro musu abinci. Sai bayan aure ya biya ta wajen a kan babur, ya tarar da surukin nasa cikin rigar aiki, riƙe da tiyo. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, ya cika masa tanki. Mako uku tsohon bai amsa gaisuwarsa ba. Daga baya kuwa shi ya fi kowa ba da labarin.

A aikin wasiƙa babu wanda ya kai Kawu. Idan ambulan ya ce "gidan tela", ya san telan ya rasu tuntuni, ginin ma an mai da shi shagon taya, sai ya kai wa babbar 'yarsa a bayan kasuwa. Wani sabon shugaba ya hana wannan, ya ce lambar ƙofa kawai za a bi. Wata guda bai cika ba wasiƙun da aka dawo da su suka cika kwali biyu. Shugaban ya kira Kawu, ya tura masa kwalayen da ƙafa, bai ko ɗago kai ba.

Da ya yi ritaya ya gina ɗaki biyu a ƙarshen gari, ya dasa lemo a tsakar gida. Suka tare, amma duk sanda Inna ta ce za ta je gida, tsohon gidan haya take nufi, inda ta bar maƙwabtanta na shekara ashirin. Abin yana cin Kawu, sai dai bai taɓa faɗa mata ba. Ni yake yi wa ƙorafi.

Wata ranar Asabar maƙwabtan suka zo ziyara, su shida, bayan an yi ruwa. Kawu yana gyaran famfo ya ji muryar Inna daga ƙofa.

"Ku cire takalman nan, kada ku shigo mini gida da taɓo."

Kawu ya ajiye sifana, ya wanke hannu, ya fita ya sayo musu kaji biyu. Har suka tafi babu wanda ya san dalili.