Neman Maɓallin Inna

Ni na yi kuskure, kuma an hana ni ban ji ba. Shekarar da kuɗin mai suka sa aka ƙara mana albashi, na sayi siminti na shafe tsakar gidanmu na Ƙofar Marusa. A gindin randa akwai wani tsiro mai fure rawaya, dunƙulalle kamar maɓallin riga, wanda mahaifiyata ta taho da shi daga ƙauyensu ranar aurenta. In haƙori ya dame ta sai ta tauna, bakin ya mutu. Ta ce, "Sule, bar mini wannan kusurwar." Na ce ciyawa ce. Da rani ciwon ya tashi, kuncinta ya kumbura, ƙwayoyin asibiti suka kasa. Ba ta yi mini gori ba, abinci kawai ta daina ci.

Batagarawa

Bayan sallar asuba na hau babur, na nufi ƙauyensu neman tsiron. Mil kaɗan ne. Rijiyar da Inna ta ce a nan yake fitowa an haƙe gefenta, ana ɗibar ƙasar hanya. Wata tsohuwa ta miƙo mini busasshiyar kalankuwa, wata ciyawa mai fure rawaya.

"Ba ita ba ce, Gwaggo. Inna maɓalli take ce masa."

"Kowace gona da sunan da take ba shi, ɗana. Nufi kudu, inda ƙasa ke da laima."

Malumfashi

Na bar babur a tasha, na shiga bayan akori-kura da hantsi. Sojoji suka tsayar da mu sau biyu. Wani mai magani a kasuwa ya saurare ni, ya dubi agogona.

"Alhajin birni, kun shafe ƙasa da siminti, yanzu ciyawa kuke nema?"

Na kwana a rumfar tasha, ƙosai da koko ne abincina.

Funtuwa

Na isa da azahar. Na ce maɓalli, ba wanda ya sani. Wani mai lambu a bakin fadama, Malam Iro, ya ce, "Bar suna, faɗi aikinsa." Na faɗa. Ya yi dariya. "Kashe-baki kake nufi." Ya tsinko mini, na tauna guda, harshena ya yi nauyi, hawaye suka zubo. Ya tono mini da saiwarsa a gwangwani, ya ƙi karɓar ko kwabo. Allah Ya saka masa.

Katsina

Washegari da la'asar na shiga gida. Inna na kwance, bakinta ba ya buɗuwa sosai, balle ta tauna. Ta shinshina furen, ta daɗe.

"Shi ne," ta ce a hankali. "A ina za ka shuka?"

Na dubi tsakar gida. Siminti ne daga bango zuwa bango. Kwananta bai kai ga damina ba, tsiron ma a gwangwani ya bushe. Amma a ranar da na dawo ɗin na durƙusa, na kama ƙafarta.

"Inna, kusurwa ɗaya kika roƙa na hana ki. Na yi laifi. Ki yafe mini."