Littafin da Mamuda Ya Ɗinka

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dutsin-Ma ya ga Mamuda, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke duƙe a bayan rumfunan 'yan hatsi, basilla a hannu, zare rataye a wuya, yana ɗinke bakin buhu bayan an gama awo. Ya kusa shekara arba'in a wannan aiki. In damina ta faɗi sai ya ajiye basilla ya koma gonarsa ta Tamawa. Gidansa yana Kurfi, katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma ƙanwata Rekiya yake aure. Ba mai yawan magana ba ne. Mukan zauna a zaurena daga la'asar har magariba, abin da zai shiga tsakaninmu bai wuce gaisuwa da labarin gajimare ba.

Rekiya ta gama firamare kafin aurenta, kuma tun lokacin da littattafan soyayya suka fara shigowa gari take karanta su. Ba kullum ba. Da damina akwai abincin 'yan gona, da kaka akwai sussuka. Lokacinta bazara ne, sa'ad da an gama sharar gona ana jiran ruwa, ɗaki ya ƙi shiguwa don zafi. Bayan azahar sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedin da ke tsakar gida, ta ajiye kwanon ruwan randa kusa da ita, ta buɗe littafi. A fili take karantawa. Ta ce wai in ba ta ji muryarta ba labarin ba ya shiga kanta.

Mamuda kuwa yakan kwanta a ɗaya gefen tabarmar, ya kifa hula a fuska. In ka tambaye shi, barci yake yi, littattafan nan na mata ne. Amma wata rana ina zaune, ta tsaya a tsakiyar shafi don ta kori kaza daga shanya, sai muka ji murya daga ƙarƙashin hula:

"To, ya samu motar ko bai samu ba?"

"Au, maigida, ashe mai barci yana ji?"

"Hayaniyarki ce ta tashe ni."

Cikin littattafan akwai ɗaya da ta fi ji da shi. Ba shi da suna, don bangonsa na takardar buhun siminti ne, ɗinkinsa kuma na zaren buhu. Ga yadda aka yi. Shekarar da aka yaye autarsu Nana Hadiza, Rekiya ta tafi Birchi jinyar gwaggonmu, ta yi sati biyu. Ruwa ya yi yoyo a ɗakinta ya sauka cikin kwalin littattafai. Da Mamuda ya ankara, bangaye sun ruɓe, 'yan ƙarafan da ke riƙe takardun sun yi tsatsa sun saki. Ya fitar da abin da ya ragu ya shanya a rana, kowace takarda da dutsenta. Karatun allo ya yi, bai san baƙin boko ba, amma ya san lamba saboda buhuna. Sai ya bi lambobin ƙasan shafi, ɗaya, biyu, uku, har ya kai ƙarshe, ya huda ya ɗinke. Da ta dawo ya miƙa mata. Ta buɗe, ta juya, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce Allah Ya saka da alheri.

Tun daga ranar, da wannan littafin take buɗe kowace bazara. Labarin wani direban babbar mota ne, Abdullatif, da wata malamar makaranta, Jannat. Ya tafi kudu da lodin wake, aka daɗe ba labarinsa, daga baya ya dawo ya bar tuƙi ya buɗe shago, suka yi aure, suka tsufa tare. Mamuda ya ji labarin nan ya fi sau ashirin daga ƙarƙashin hularsa.

Shekara uku da suka wuce idon Rekiya ya fara dishi-dishi. Aka kai ta asibiti a Katsina, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba da magani na ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Tana gane haske da inuwa, tana gane mutum da tafiyarsa. Rubutu ne ya ɓace mata.

Bazarar farko ta fito da tabarma kamar kullum, ta zauna da littafin a cinya, a rufe. Bazara ta biyu ba ta fito ba. Tana cikin ɗaki da zafin nan duka, in an yi magana ta ce ta fi jin daɗin nan. Nana Hadiza, wadda ke aure a Dutsin-Ma, ta kawo mata waya cike da littattafai da wata mai zaƙin murya ke karantawa. Rekiya ta saurara kwana biyu ta mayar mata.

"Ɗiyar nan ba ta tsayawa a yi mata gardama," in ji ta. "Ko ruwa ba ta sha."

Bayan an kai amfanin gona gida a wannan shekarar, Mamuda ya shigo zaurena ya zauna. Ya daɗe yana murza zare a yatsa.

"Malam, baƙin boko nawa ne?"

Na faɗa masa.

"Mutum kamata zai iya kama su kafin bazara?"

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, ban taɓa samun ɗalibi mai furfura ba. Na ce za mu gwada.

"Kada ta ji," ya ce.

Muka fara. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne bin layi daga hagu, don idonsa ya saba farawa daga dama. Yakan ɗora tsinin basilla a ƙarƙashin kalma yana ja a hankali kamar mai ɗinki. A kasuwa kuma ya riƙa karanta rubutun jikin buhunan taki da na shinkafa, har wani ɗan hatsi, Alhaji Yero, ya fara tsokanarsa.

"Mamuda, buhun nan ɗinke shi za ka yi ko wa'azi za ka yi mashi?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Kafin sanyi ya wuce yana haɗa kalma. Kafin mangwaro ya nuna yana karanta layi guda ba tare da ya tsaya ba, sai dai gumi.

Ranar da ya fara karanta mata, ban je ba, amma katangarmu ba ta da tsawo. Na ji ya ce ta fito ta sha iska. Ta ce babu iskar. Ya ce to ta fito ta taya shi zama. Na ji jan tabarma. Can sai na ji muryarsa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, yana karanta yadda Abdullatif ya tsayar da motarsa a bakin makaranta don ya roƙi ruwan zubawa a inji. Ya kai ƙarshen shafi. Har na ɗauka ta koma ɗaki, sai ga muryarta.

"Ka tsallake layi," in ji Rekiya. "Akwai inda ta ce mashi bokitin na makaranta ne, ya maido."

Shafi biyu yake yi a rana, wani lokaci uku. Ta koma cin tuwonta a waje. Ta koma faɗa da kaji. Abin da ya dami Mamuda ɗaya ne: littafin ya haura shafi casa'in, kuma ranar da ruwan shuka ya sauka dole ya tafi Tamawa, tabarma ta naɗe sai wata shekara. Ya ce mini ba ya so ya bar ta da direban nan a kan hanya. Yana so ya kawo mata shi gida kafin ruwa.

Ya saba duba shafukan gobe a zaurena kafin ya karanta mata, don kada ya yi tuntuɓe a gabanta. Wata safiya ya shigo fuskarsa ba daɗi.

"Malam, karatun nan ya kwance mani."

"Kamar yaya?"

"Jiya na tsaya a arba'in da shida, motar ta tashi. Nan ya kamata a ce ya dawo ya bar tuƙi ya buɗe shago. Na san wurin kamar tafin hannuna. Na duba, babu. Kuma sunan ma na kasa kamawa. Ina haɗa baƙin, yana ba ni wani abu daban."

Na karɓa na sa tabarau. A shafi na arba'in da bakwai babu Abdullatif, babu Jannat. Wani Khalil ne mai shagon yadi, da wata Halimatussa'adiya. Na duba har ƙarshe, su ne. Na kara takardun biyu a haske, ta baya ta fi ta gaba fari kaɗan.

"Karatunka lafiya lau yake," na ce. "Littafi biyu ne. Ruwa ya ci ƙarshen wannan, ya ci farkon wancan."

Ya karɓi littafin ya dubi ɗinkin. Ɗinki ne mai kyau, shekara ashirin da wani abu ko zare ɗaya bai saki ba. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.

"Ke nan ɓarna na yi mata."

Na cire tabarau. Akwai tambayar da ta kamata ya yi, na ga bai iso gare ta ba tukuna.

Ranar bai karanta mata ba, ya ce maƙogwaronsa ne. Washegari ya hau mota zuwa Dutsin-Ma, ba ranar kasuwa ba, ya bi masu sayar da littattafai ɗaya bayan ɗaya yana ba su labarin direba da malama. Wani ya ce irin waɗannan an daina buga su tun tuni, yanzu komai a waya yake. Wani ya ce ya faɗi sunan littafin. Bai sani ba. Ya dawo da la'asar, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, iska tana ƙanshin ƙasa daga wani wuri da aka riga aka samu.

Kwana na uku ya ce in raka shi. Na zauna a kan turmi. Rekiya tana kan tabarma, ta juyo da fuska wajen takunmu.

"Yaya, kai ne? Ka zo duba mai ciwon maƙogwaro? Ciwon da ke kai mutum Dutsin-Ma ba ranar kasuwa ba?"

Mamuda ya durƙusa ya ajiye littafin a gabanta.

"Rekiya, littafin nan na ɓata shi. Biyu na haɗa. Ban sani ba sai shekaranjiya."

"Ka kai arba'in da bakwai ke nan."

Ya ɗago kai.

"Kin sani?"

"Maigida, ni fa ke karantawa."

"To inda ya bar tuƙi ya buɗe shago fa? Na ji shi da kunnena."

"Ka ji shi da bakina."

Ta laluba ta ɗauki littafin, ta bi zaren da yatsa daga sama har ƙasa.

"Na farkon na karanta shi tun kafin ruwa ya taɓa shi. Direban bai dawo ba. Kwana uku na yi ina jin haushin wanda ya rubuta. Sai na dawo daga Birchi na tarar wani ya sa basilla ya maido shi gida, har da shago. Me zan ce? In ce a warware?"

Mamuda ya zauna a gefen tabarmar. Ya cire hularsa ya dubi cikinta, ya mayar.

"Shekara ashirin kina canza masu suna."

"Da huɗu. Ba wuya. Inda ka ga Khalil ka ce Abdullatif. Inda ka ga mai dogon sunan nan ka ce Jannat, ka ma huta. Akwai wuri ɗaya da aka ce bai iya tuƙi ba, wannan sai ka yi tari ka wuce."

Na ga ba a bukatata, na tashi na koma gida.

Ta kan katanga na ji ya gyara murya. Ya ce Abdullatif ya dawo, ya bar tuƙi, ya buɗe shago. Ya faɗe shi da irin kalmominta, ba ragi. Daga nan ya ci gaba a hankali. Sau biyu sunan Khalil ya kuɓuce masa, ta ce, "Wa?" ya gyara.

Hadarin ranar bai zubar ba, iska ce kawai ta kaɗa ganyen bedi ta wuce. Na gaba ma haka. Ya ƙara shafukan suka zama biyar a rana, har da safe bayan kunu. Ranar da ya kai inda suka tsufa suna zaune a ƙofar shago, jikoki na wasa da ƙyallayen yadi, ɗigon farko ya faɗo a kan takardar. Na ji ta ce ya rufe kada ya jiƙe. Ya ce saura layi huɗu. Ya sunkuya ya kare littafin da ƙirjinsa, ruwa na dukan bayansa, ya karanta su duka.

Da gari ya waye ya ɗaura irin gero a bayan keke ya nufi Tamawa. Da na leƙa gaishe ta, na tarar da Rekiya a bakin ƙofa, ta fito da kwalin littattafan tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, tana ware waɗanda bangonsu ya saki.

"Na baɗi ne," ta ce. "In ya dawo ya ɗinke. Amma yanzu da ya iya karatu, ban sani ba ko ɗinkin zai yi daɗi kamar da."