Saje Maidamma, Mai Ƙera Jiragen Kara

Ina kasuwar Isa ina taya gero, wani mai raƙumi daga Kamarawa ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Bello, Saje Maidamma ya cika da hantsi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye mudu, na nufi tasha.

Shekara tara muka yi aiki tare a firamaren Kamarawa, ni ina koyarwa, shi yana gyaran benci da tagogi. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Boma, amma ban taɓa jin labarin harbi a bakinsa ba. Zancensa kullum wani jirgin yaƙin Jafan ne da aka kama lafiya lau, aka sa shi gadinsa wata biyu. Da zaman ya ishe shi, sai ya auna jirgin da ƙafa, daga hanci zuwa wutsiya, daga fiffike zuwa fiffike, ya haddace.

Wannan jirgi yake ta sake ƙerawa da karan dawa, kowane taki ya mayar da shi faɗin yatsa guda. Yakan fara zana jar da'irar Jafan, ya bari ta bushe, sannan ya shafe ta da alamar Ingila. Na ce masa ɓarnar fenti ce. Ya dube ni ya ce, "Malam, jirgin ga kamamme na. In ban sa ta ƙarƙashi ba, na yi mai ƙarya."

A babban farin da ya gabaci na bana, ko karan ma ya yi wuya. Ya tattara ɗan abin da ya samu, ya yi wata uku a kan jirgi ɗaya, ya shanya shi a kan danga. Akuyar matarsa Inna Hajo, wadda yunwa ta gigita, ta miƙe ta cinye shi, sai farfela ta bari. Muka zaci zai yi fushi. Ya ƙame ya sara wa akuyar, ya ce, "Soja nawa munka taru kahin mu kama shi, ita ɗaya ta gama da shi. A ba ta igiya ukku!" Inna Hajo ta ce daga ɗaki, "Guda ma ta isa, da ka ɗaure ta." Mutanen da suka kwana biyu ba su ƙoshi ba suka yi dariya har da hawaye.

Daga nan ya koma ƙera jiragensa da gwangwanin man agaji. Wanda ya fi kyau cikin waɗannan, farfelarsa na juyawa in iska ta kaɗa. Direban motar da ke kawo hatsin agaji ya roƙe shi sau uku, ya hana. Ran nan Jauro, makiyayin da shanunsa suka ƙare ya sauka bayan makaranta, ya zo a ruɗe: naƙudar matarsa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Aka roƙi direban ya kai ta asibitin Isa, ya ce Sabon Birni zai wuce, ba zai juya Isa ba. Saje ya shiga gida ya fito da jirgin, ya ɗora wa direban a cinya, ya ce, "Ga naka. Juya mota, za ni raka ku." Matar ta sauka lafiya a asibiti. Yarinyar tana aji huɗu yanzu, Ta-Jirgi ake ce mata. Saje bai sake tayar da maganar ba.

Allah Ya jiƙan Saje Maidamma, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hajo da 'ya'yansu, Garba da A'i, haƙurin rashinsa, Ya tsaya musu a wannan shekara mai tsanani. Ya saukar mana da ruwa mai albarka, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.