Gidan Da Na Zana Ba Zaure

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu uku: ni da abokin aikina mai ɗaukar hoto da direba. Ni mai zanen gine-gine ne, kuma son a yaba mini ne ya fitar da ni. An gayyace ni in yi wa ɗalibai lacca kan ginin zamani, sai na ce bari in je Maigatari in ɗauko hoton gidan farko da na taɓa zanawa, gidan Baffa, yayan mahaifina. Rabona da gidan shekara tara. Na san Baffa yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, amma in faɗi gaskiya ba dubiya ce ta tashe ni ba.

A Gujungu muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Gagarawa, gonaki dama da hagu, an yanke riɗi an jingine shi yana shan rana. A wani ƙauye muka wuce shagunan kasuwa sababbi, an jera su a layi ɗaya, kowanne da lambarsa, duk a kulle. 'Yan kasuwar suna can gefe a ƙarƙashin wata tsamiya sun baza kayansu. Abokina ya yi dariya, ni kuwa na ce jahilci ne.

Haka bakina yake tun muna ɗalibai. Mu biyar muka taɓa rubuta wata takarda muka manna a allon sashenmu, muna shelar sabon gida da sabon mutum. Muka ce ado a jikin bango ƙarya ne. Muka ce duk ɗakin da ba a kwana ko girki a cikinsa ɓarnar fili ne, a shigo da haske, a kori lungu da duhu. Zaure muka fi tsana, muna ce masa kogon zaman banza. Mun yi imani in ka gyara wa mutum ɗaki ka gyara masa hali. Ina gama karatu damina ta kayar da rabin gidan Baffa, 'ya'yansa suka ce ga ɗan'uwa mai ilimi. A gidansa na sauke duk abin da ke cikin takardar nan, shekara goma sha takwas ke nan.

Mun shiga Gumel da hantsi, muka sha fura mai sanyi a bakin tasha. Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci, don haka hanya ta cushe da tireloli da 'yan acaɓa. Na ga babur ɗauke da mutum biyu da tumaki biyu, kuma tumakin sun fi mutanen samun wurin zama. A Maigatari kuwa raƙuma da shanu ko'ina, Buzaye da mutanen Damagaram suna ciniki, masu canjin sefa suna kiran duk wanda ya gifta.

A wannan kasuwa Baffa ya yi suna. Fatoma ne, wato mai saukar da fatake. A tsohon gidan, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Nan suke ajiye kaya, nan ake fito musu da tuwo, nan ake sasanta rigimar ciniki. Ni na goge wannan zaure da hannuna, na sa garejin mota a gurbinsa. Na yi ƙofa ɗaya mai shiga falo kai tsaye, falon a haɗe da kicin, da manyan tagogin gilashi.

Da muka tsaya a ƙofar gidan, abokina ya ɗaga kyamara ya sauke. An toshe gilasan da kwali da tsohuwar tabarma saboda zafi. Garejin bai taɓa ganin mota ba, buhunan dusa ne a ciki. A bakin get ɗin ƙarfe wani dattijo mai rawani yana tsaye cikin rana, yana ta kwaɗa sallama.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, bismillah mana, mu shiga."

Ya ce, "A'a ɗana. In na shiga sai an tashi iyali daga kan girki an kulle su a ɗaki. Sau ɗaya na yi, kunya ta hana ni sakewa. Daga Damagaram nake, duk Alhamis in kamiyonmu, wato babbar motarmu, ya sauke kaya nakan zo in yi sallama. Ya san muryata."

Daga can ciki wata murya mai nauyi ta amsa, da ƙyar ake gane kalmomin. Dattijon ya ɗaga murya ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya juya ya tafi. Abokina da direba su ma a waje na bar su, don babu inda zan ajiye su.

Na sami Baffa a ɗakin ƙurya, kan katifa, ɗakin ya ɗau zafi kamar tanda saboda rufin kankare. Inna, matarsa, tana yi masa fifita. Ta ce da yana da ƙafa a gindin katangar maƙwabta yake shimfiɗa tabarma da abokansa. Tun da ya kwanta, shekara huɗu, bai ga fuskar ɗayansu ba sai wanda ya daure ya shigo a gurguje.

Baffa ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Injiniya, an zo ganin gida?"

Na ce, "Na zo gaishe ka ne, Baffa." Ƙarya na yi, kuma ya sani.

Ya ce, "Gida ya yi kyau, kowa ya faɗa. Abu ɗaya nake so ka nuna mini a takardarka, don ni ban iya karatun zane ba. Ranar da na cika, a ina ka tsara mutane za su zauna karɓar gaisuwa?"

Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina da karatuna. Na fita na auna garejin da taku, na yi sallama, ba mu ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Muka dawo Gumel muka bi ta Ɗanzomo zuwa Sule Tankarkar, inda muka yi la'asar. Duk ƙauyen da muka ratsa zaurukan kawai nake gani, tsofaffi a ciki suna jan carbi, wani na gyaran igiya, wani na cin abinci da baƙo. Abokina ya sayi rake ya miƙo mini, na ce na ƙoshi.

Washegari a Kano na zauna na zana zaure a gurbin garejin: bango huɗu, ƙofa biyu da ba sa kallon juna, da dakali. Ko rabin awa bai ɗauke ni ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun rubuta wa mutane yadda za su zauna ba mu taɓa tambayarsu yadda suke zaune ba. Laccar kuwa na ba waɗanda suka gayyace ni haƙuri.

Na aika wa babban ɗan Baffa zanen ta waya, na ce magini ya fara ko gobe. Da yamma ya kira ni. Ya ce ya nuna wa Baffa, Baffa ya sa an lissafa masa abokan zamansa na da, aka tarar saura uku a raye.

"Ya ce a gina, Yaya. Ya ce hira dai ta wuce, amma masu zuwa gaisuwa za su sami inuwa."