Gaisuwar da Ya Kai wa Malaminsa

Mijina injiniya ne, kuma cikinsa ba ya riƙe magana. Muna zaune a Plumstead, can ƙasar Turawa, ƙarshen shekarun tamanin, ya gano wata hanyar matse bayanai su ƙanƙance kafin a tura su ta layin tarho, yadda shafin da ke jan ƙafa a na'urar faks zai wuce nan da nan. Ni ban gane lissafin ba. Abin da na sani, falona ya koma shagon mai gyaran rediyo, yara na ta tuntuɓe da wayoyi.

Ya samu takardar mallakar fasahar, a kanta kuma muka ɗora rayuwarmu. Ya ajiye aikinsa, ni na ci gaba da sharar ofisoshi a Woolwich, kullum ina ce wa kaina saura ƙiris.

Sai wani babban kamfani ya fara amfani da hanyar. Da mijina ya yi magana, suka maka shi a kotu, wai a soke takardar don abin ba sabo ba ne. A dokarsu, in an taɓa bayyana abu a bainar jama'a kafin a nemi takarda, ko da bakin mai shi ne, to ya zama na kowa. Suka tone mujallun duniya ba su samu komai ba. Har na fara leƙa gidan da za mu saya.

Ashe mu muka kashe kanmu. Kafin ya nemi takardar mun je gida hutu, ya kai wa tsohon malaminsa na jami'a gaisuwa. Ɗalibi ba ya zuwa wa malaminsa hannu rabbana, shi kuwa ba shi da tsarabar da ta fi wannan. Malam ya tara ɗalibai, mijina ya cika allo da bayanin fasahar, har da amsa tambayoyi. Ina wurin, ni na raba lemo.

Lauyoyin kamfanin suka bi sawu har can. Malam ya karɓe su hannu bibbiyu, ya kira duk wanda ya halarta, kowa ya ba da shaida yana alfahari.

"An yi revoke, sun soke takardar," in ji mijina da ya dawo daga kotu, ko takalmi bai cire ba.

"To Baban yara, ka yi appeal mana, ka ɗaukaka ƙara!"

"In ce me? Ƙarya suka yi?"

Na yi kuka, na yi masifa, na ce masa wanda bai iya kama bakinsa ba ai bai kamata ya sa iyali a gaba ba. Daga baya ya koma tuƙin tasi a Old Kent Road.

Wata Lahadi Malam ya bugo. Ina jin muryarsa daga kicin don murna.

"Ɗana, ka fitar da mu kunya! Turawa har gidana suna tambayar aikinka. Ban rage musu komai ba."

Na miƙa hannu zan fizge wayar, mijina ya riƙe ni. Ya durƙusa a kan kafet kamar Malam na gabansa.

"Allah ya saka da alheri, Malam," ya ce. "Duk albarkarku ce."