Kundin Malam Sama'ilu

Malam Sama'ilu mutumin Gwiwa ne, ɗan wani manomin gero da ya sayar da shanun huɗarsa ya tura shi kwalejin horon malamai. Ni dai a ganina an cuci shanun. Abin da ya dawo da shi takardar shaida ce guda, da wani littafin rubutu mai jan bango da ya kwafe darussan kemistiri a ciki. Shekara ashirin da uku yana koyarwa a makarantarmu ta 'yan mata da ke Kazaure, kuma daga wannan littafi kaɗai yake karantowa. Kundi muke ce masa.

Kullum zai iso a kan babur ɗinsa da hula a karkace, kundin a hammata. Ya tsaya gaban allo ya yi ta shifta, mu kuma mu yi ta rubutu har yatsunmu su sage. Tambaya kuwa raini ce a wurinsa. In yarinya ta ɗaga hannu sai ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake wannan aikin." Gaskiya ne, tun ba a haife mu ba yake karanta shafi guda.

A darasin ƙwayar zarra, misalai uku ne kacal a kundin: karbon, oksijin da kalsiyam. Su kuwa a yadda aka rubuta su, adadin furoton da niyutiron da ilektiron duk ɗaya ne, shida shida shida, takwas takwas takwas. Daga nan Malam ya yanke hukunci cewa in kana son gane sinadari, ƙirga wanda ka ga dama cikin ukun. Haka ya koyar da iyayen wasunmu, haka ya koyar da mu.

Muna aji biyar aka turo mana Malama Juliana daga Filato ta yi hidimar ƙasa. Malam ya hana ta ajinsa, sai ta riƙa tara mu a gindin dalbejiya lokacin hutun tara. Ita ta fara gaya mana cewa furoton ne kaɗai ke nuna ko wane sinadari ne. Niyutiron na iya ƙaruwa ko raguwa, ilektiron na iya fita ko shigowa, sinadarin yana nan yadda yake. Ta sa na warware tambayoyi sun fi ɗari, har na daina tsayawa tunani.

A shekarar ne wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta shirya gasar kimiyya tsakanin makarantun Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Wadda ta zo ta ɗaya za su ɗauki nauyin karatunta har ta gama jami'a. Babana tela ne, mu tara ne a gida, kuma ya riga ya gaya mini ba ɓoye cewa ƙarfinsa a sakandare ya tsaya. Ni aka zaɓa in wakilci makarantarmu. Malam Sama'ilu ya ce shi zai raka ni, tunda shi ne babba a fannin. Aka bar Malama Juliana a makaranta tana gadin aji.

Muka kai zagayen ƙarshe, ni da wata yarinya daga Roni, makinmu ɗaya. Alƙalin gasa ya ce, "Mu'minat, tambayarki ke nan. Furoton goma sha bakwai, niyutiron goma sha takwas, ilektiron goma sha takwas. Wane sinadari ne?"

Kulorin ne da ya karɓi ilektiron guda. Amsar tana bakina. Sai dai dokar gasar ta yarda malami ya ba ɗalibarsa shawara sau ɗaya, kuma Malam ya wuni yana jiran lokacin da jama'a za su gan shi. Ya miƙe ba wanda ya kira shi, ya gyara babbar riga, ya tako har gabana.

"Ke, natsu," ya ce, da muryar da sahun gaba duk suka ji. "Biyu sun ce goma sha takwas, ɗaya ya ce goma sha bakwai. Masu rinjaye ake bi. Argon ne."

Sai ka ce zaɓen kansila ake yi. Na ce a hankali, "Malam, ai furoton ake..."

"Ni za ki koya wa?"

Hakimai biyu suna zaune, shugabar makarantarmu tana kallona. Malam kuwa tare suke sallah da babana a sahu ɗaya, ya zo sunana ya ci tuwo. Tun ina ƙarama aka koya mini ba a ƙaryata babba a gaban mutane, kuma wannan darasin ya fi na gindin dalbejiya daɗewa a jikina. Na sunkuyar da kai na ce, "Argon."

Aka miƙa tambayar ga 'yar Roni. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce kulorin. Yanzu tana shekarar ƙarshe a fannin haɗa magunguna. Ni ina taya babana sa maɓalli a shago. Shi kuwa Malam bara aka ƙara masa girma, yanzu shi ke zagaya makarantu yana duba yadda malamai ke koyar da kimiyya.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a motar komawa ranar. Shugabar makaranta ta juyo ta tambaya me ya faru. Malam ya girgiza kai cike da tausayi ya ce, "Hajiya, yarinyar ce ta ruɗe. Yaran yanzu ba sa riƙe karatu." Sannan ya waiwayo ya ce, "Ko ba haka ba, Mu'minat?"

Na ce, "Haka ne, Malam."